Hantar Safe

Litinin, 3 ga Maris

Likita ce ta ce in sayi littafi in riƙa rubuta lokacin da Baba ya sha ƙwayarsa da lokacin da ƙafarsa ta maƙale. To ga littafin. Rabona da biro tun ina makaranta, sai ga shi ciwon wani ya mayar da ni ɗan aji.

Ya sha ƙarfe bakwai, da hanta, kamar kullum. Takwas da rabi ƙafa ta maƙale a ƙofar ɗakinsa. Minti goma sha biyu yana tsaye wuri ɗaya, gwiwa na rawa, tafin ƙafa kamar an kafe shi da ƙusa. Ya zagi ƙofar, ya zagi kafintan da ya yi ta, sannan ya juyo kaina.

Laraba, 5 ga Maris

Ya sha bakwai. Hanta. Ya maƙale tara saura kwata.

Sunan ciwon Fakinsan, in ji likita. Baba ba ya faɗin sunan. Shi dabaibayi yake ce masa, irin igiyar da muke ɗaure ƙafafun bijimi da ita kafin a kayar da shi. Shekara arba'in yana yi wa shanu a kwata, yau ya ce ramawa suke. A raina na ce ba shanu kaɗai ke da ramuwa a kanka ba.

Hantar ni nake kawowa. Da an yi yankan farko nake zare ta da ɗuminta, in zaɓi gefen da babu jijiya, in hau babur in kawo gida kafin bakwai, uwar yara ta gasa. Wata takwas ban fasa ba, tun ranar da aka ɗora shi a kan ƙwayar. Ba a shan magani da yunwa, wannan kowa ya sani, kuma jikin da ke rawa jini yake nema. Bai taɓa ce mini sannu ba. Yana ci yana cewa gishiri ya yi yawa.

Asabar, 8 ga Maris

Ya daki uwar yara.

Ya maƙale a ƙofar banɗaki, ta kama hannunsa za ta jawo shi, ya zabga mata sanda a damtse. Da na dawo ta ɓoye hannun cikin mayafi, sai da ta zo ɗaga tukunya ta kasa na gane. Wurin ya tashi ya yi baƙi, ga shatar sanda ɓaro-ɓaro.

Na faɗa ɗakinsa ko sallama ban yi ba. Na ce Baba, matata ce, ba saniya ba ce. Ya ce, "Wa ya ce ta ja ni? In aka ja ni faɗuwa nake yi." Na ce sai ka faɗa da baki. Ya ce, "Bakin ma dabaibayi gare shi, ɗan banza."

Na fito na naushi bangon tsakar gida sau uku, har fata ta saɓule. Ta biyo ni tana cewa, "Baban yara, ciwon ne, ba shi ba ne." Ita ba ta san shi da ƙarfinsa ba. Shi ne. Ciwon dai ya rage masa saurin hannu.

Lahadi, 9 ga Maris

Riƙe biro ma da ƙyar. Hannun ya kumbura, ƙaramin yatsan nan karkatacce ya fi kowanne zogi.

Ina shekara goma sha ɗaya na huda fatar rago wajen fiɗa, huji ɗaya tak, ko yatsa ba ya shiga. Baba ya kama hannuna ya ɗora a kan gungumen sara nama, ya buga da bayan barho, a gaban duk 'yan kwata. Da yamma ya gasa hanta, ya yanka ta ƙanana, ya turo mini farantin da ƙafa, bai ko kalle ni ba. Haka yake yi duk ranar da ya yi mini dukan kawo wuƙa. Na girma ban taɓa jin "yi haƙuri" daga bakinsa ba, sai dai hanta.

Wannan shafin ba na likita ba ne.

Talata, 11 ga Maris

Asibiti. Likitar 'yar siririya ce, sa'ar 'yar cikinsa, amma ita kaɗai na ga Baba yana shakka. Ta sa ya yi tafiya a baranda ya juyo. Sannan ta tsaya a bayansa ta fizgo kafaɗunsa, ya tafi luu da baya, ba don na tare ba da sai ƙasa.

Ta ce ƙwayar, lebodofa sunanta, ita ke sakin ƙafa, amma ta safe kamar ba ta kama shi, don haka ta ƙara yawanta. Ta ce ba rawar hannun take tsoro ba, faɗuwa take tsoro. Ƙashin ƙugu in ya karye a wannan shekarun, da wuya mutum ya sake tashi. In nan da wata ɗaya babu sauyi, sai a yi maganar keken guragu.

Baba ya ce, "'Yar nan, ranar da za a sa ni a keke, a haɗo da likkafani." Bai yi dariya ba. Na san muryarsa ta wasa, ba ita ba ce wannan.

Ta tambayi littafin. Na ce na manta shi a gida. Yana cikin aljihuna.

Juma'a, 14 ga Maris

Ƙarin bai yi komai ba da safe. Ya sha bakwai, hanta, ya maƙale takwas da rabi. Da rana kuma, bayan ƙwaya ta biyu, sai jiki ya kama murɗewa, kai na lilo, kafaɗa na tashi, ya ture kofi biyu. In ya miƙe jiri ya kwashe shi. Safiya a ɗaure, rana a sake kamar mahaukacin sa. Wane irin magani ne wannan.

Litinin, 17 ga Maris

Zan rubuta yadda ya faru, ko da ba wanda zai gani.

Ya maƙale a dokin ƙofa, fitsari ya matse shi. Minti ashirin. Ni kuma na bar Dogo, abokin aikina, shi kaɗai a kan tebur, masu saye na jira. Na ce Baba ɗaga ƙafa. Na sake cewa ɗaga ƙafa mana. Ban san na ɗaga murya ba sai da na ji irin tasa ce ke fita daga bakina, irin wadda yake daka mini in na ja ƙafa da cinyar bijimi a kafaɗa.

Fitsarin ya zubo, ya bi wandon har ƙasa. Ya kalli ƙasa, ya kalle ni, sai kawai na ji sanda a kunnena. Kunnen ya ɗauki ƙara, idona ya rufe. Na fizge sandar na karya ta a gwiwa. Na cakumi wuyan rigarsa na ɗaga shi cak, na tsallakar da shi, na wurga shi kan katifa. Ko nauyin ɗan maraƙi ba shi da shi. Wannan ya ƙara tunzura ni, ban san dalili ba.

Sai na tsinci kaina a kansa, hannuna a sama a dunƙule. Ya kalli hannun, ko gezau. Ya ce, "Buga mana. Ko shi ma sai na koya maka?"

Uwar yara ce ta rataye a damtsena tana salati. Na fita. Na rantse ba zai ƙara ganin hanta daga hannuna ba, ko zai mutu.

Talata, 18 ga Maris

Ban kawo ba. Ya sha bakwai da ruwa. Ban tsaya ganin komai ba.

Laraba, 19 ga Maris

Ban kawo ba. Kunnen har yanzu yana ruwa.

Uwar yara ta ce yau ya je banɗaki da kansa, har ya leƙa ƙofar gida. Na ce ya je kasuwa ma in ya ga dama.

Juma'a, 21 ga Maris

Na manta dutsen wasa wuƙa, na dawo ɗauka wajen tara saura. Da idona na gan shi. Yana ratsa tsakar gida, babu sanda, babu dafa bango, ya zo dokin ƙofar nan da ke cin ransa kullum ya wuce ta kamar ba shi ba. A sunkuye dai, taku ƙanana, amma tafiya ce.

Ashe yana iyawa. Ashe wata takwas wasa yake da hankalina. In ina nan a ɗaure yake don in tsaya a kansa in sha zagi, in ba na nan ƙafa lafiya lau. Na tsaya a zaure, sai da na ciji hannuna don kar in shiga.

Na huce a kan wani baƙin sa da ya ƙi faɗuwa. Na murɗe masa wuya ni kaɗai har ƙaho ya tsage mini riga. Dogo ya ce, "Yau kuma wa ya taɓo ka?" Na ce riƙe igiya ka yi shiru.

Asabar, 22 ga Maris

Uwar yara ta ce da safe bayan ya sha ƙwaya ya tambaye ta, yana kallon bango, "Hanta ta ƙare ne a kwata?" Sannan ta ce mini:

"Baban yara, ubanka ne fa."

Na ce na ji.

Litinin, 24 ga Maris

Na kawo. Ta wani matashin bijimi, jawur, babu tabo ko ɗaya. Ya cinye tas, bai yi maganar gishiri ba. Ya kora da ƙwaya ƙarfe bakwai.

Takwas da rabi ya maƙale a dokin ƙofa. Ina tsaye taku biyu daga gare shi. Ya yi ta rawa, gumi na zuba, sai ya ce, "Kama ni." Tun da nake ban taɓa jin ya roƙe ni komai ba.

Na naɗe hannu a ƙirji. Na ce ranar Juma'a wa ya kama ka?

Ya yunƙura. Jikin ya tafi, ƙafa ta tsaya. Goshinsa ya bugi gefen matakalar siminti. Na san ƙarar ƙashi, sana'ata ce, na ji ta sau dubu, amma wannan ta shiga mini har ciki. Jini ya rufe masa ido ɗaya. Shekara ashirin da biyar ina wanka da jini, yau na ga na tsoho cikin tafin hannuna na kasa tuna inda makullin babur yake.

Ɗinki bakwai. An ɗauki hoton ƙugu, bai karye ba. Mai ɗinkin ta tambaya yadda aka yi, Baba ya ce santsi ne ya kwashe shi, ba kowa a wurin.

Ina wurin.

Talata, 25 ga Maris

Na miƙa wa likita littafin gaba ɗaya. Ban yage komai ba. Na ce ta karanta, in 'yan sanda za ta kira ta kira.

Ta karanta a tsanake. Na ga lokacin da ta kai shafin ranar sha bakwai, ta ɗan tsaya, ta wuce. Sai ta koma farko ta ɗauki jan biro ta fara jan layi a ƙarƙashin kalma ɗaya. Hanta. Hanta. Hanta. Ta zo inda na rubuta "ban kawo ba" ta zagaye shi.

Ta ce, "Malam, kullum da hanta yake shan ta safe?" Na ce kullum, da ɗuminta. Har da ɗan alfahari na faɗa, Allah ya yafe mini.

Ta ce ƙwayar nan da nama hanya ɗaya suke bi, daga hanji zuwa jini, daga jini zuwa ƙwaƙwalwa, kuma ƙofar ƙarama ce. In nama ya cika ƙofar, ƙwaya sai ta tsaya a waje. Ba kowane mai ciwon abin ke dama haka ba, amma Baba ga shi a rubuce da hannuna: ranakun da babu hanta ya yi tafiya. Ba ƙarya yake yi ba. A kan ƙafar nan bai taɓa yin ƙarya ba.

Na ce to me ya sa ba a faɗa mana ba? Na buga teburinta har abin awon jini ya faɗo. Ba ta razana ba. Ta ce ya kamata ta tambayi abin da yake ci tun farko, wannan laifin nata ne. Sannan ta ce, "Littafin kuma na tambaya tun ranar sha ɗaya." Wannan nawa ne.

Dokar yanzu: ƙwaya da ruwa, rabin awa zuwa awa ɗaya kafin abinci. In zuciyarsa ta tashi, ɗan biskit. Nama, ƙwai, madara, wake, duk a mayar da su yamma, ba a hana shi ba. Ta janye ƙarin da ta yi. Ta ce kar in sa rai da yawa, ƙwayar tana sakin ƙafa amma tangaɗin nan ba ya jin magani sosai, sai sanda da motsa jiki. In ya maƙale kar a ja shi. A tsaya a gefensa a ƙirga masa ɗaya, biyu, ko a sa masa wani abu a gaba ya tsallake.

Da za ta ba ni littafin ta riƙe shi kaɗan. Ta ce in na ji hannuna zai tashi, in fita waje tukuna. Ban iya kallonta ba.

Laraba, 26 ga Maris

Yankan farko, hannuna ya zaro hantar da kansa, ya zaɓi gefen da babu jijiya. Sai na tuna.

Na ɗora ta a kan gungume na hau sara. Na sara, na sara, har ta zama kamar taɓo, tana fantsama a fuskata, har barhon ya nutse a itacen ya ƙi fita. Wata takwas. Kullum da sassafe, a guje, ina jin ni ɗan kirki ne. Ashe ni nake kawo igiyar da hannuna in ɗaure shi, sannan in tsaya ina masa tsawa ya ɗaga ƙafa.

Dogo ya zare barhon ya ɓoye a bayansa. Bai tambaye ni komai ba, ya ce in je in wanke fuska.

Alhamis, 27 ga Maris

Na faɗa wa Baba. Ya jefo mini kofin ruwan, ya same ni a haɓa.

"Ni mahauci ɗan mahauci, yarinya ta ce mini nama guba ne?" Na ce ba ta ce guba ba, lokaci ta sauya. Ya ce haɗa baki muka yi don in huta da zirga-zirga. Na ce hantarka tana nan da yamma. Ya ce hantar da ta wuni ai gawa ce.

A nan kam yana da gaskiya. Na fita waje, kamar yadda aka ce, na ƙirga har hamsin, na dawo na ɗebo wani ruwan. Ya sha ƙwayar yana harara ta.

Asabar, 29 ga Maris

Bakwai, ruwa. Bai maƙale ba sai sha ɗaya da rabi, dab da ta biyu. Minti uku.

Talata, 1 ga Afrilu

Na sayo masa sabuwar sanda, mai roba a gindi. Uwar yara ta ce, "Ka sake ba shi makami ke nan." Ya karɓa ya jinjina nauyinta, ya kalli kunnena, ya ce ta yi sauƙi da yawa.

An cire zaren goshi. Tabon zai zauna.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Ya yi tangaɗi wajen juyawa ya zube kan buhun gawayi. Bai ji ciwo ba. Ya zagi gawayin, ya zage ni da na ajiye shi a nan, alhali ba don buhun ba da siminti ne. Na ji hannuna zai tashi. Na fita waje. Yau sai da na kai ɗari da ashirin.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Likita ta ce a ajiye maganar keke tukuna. Tukuna ta ce, ba ta ce har abada ba. Baba ya ce mata ta fara hankali.

Na roƙi mai yankan la'asar ya riƙa ajiye mini hanta, don kar a ce gawa. Yau ni na gasa da kaina a tsakar gida, kafin rana ta faɗi. Ban kai masa ɗaki ba, na ce in yana so ya fito.

Ya taso. Ya zo dokin ƙofa ya maƙale. Na ajiye wuƙa na je na tsaya a gefensa, ban taɓa shi ba. Na ce ɗaya, biyu. Ya ce shi ba soja ba ne. Na sake cewa ɗaya, biyu, a hankali. Ya miƙo hannu yana lalube, bai kama damtse ba, bai kama riga ba, sai ƙaramin yatsan nan. Ya tsaya yana shafa inda ya karkace.

"Wannan har yanzu bai miƙe ba?"

Na ce bai miƙe ba.

Ya riƙe shi gam, har ya yi mini zafi, ya ɗaga ƙafa ya tsallake.

Da muka zauna ya karɓi wuƙar, hannu na rawa, ya yanka hantar ƙanana, ya raba biyu. Ya turo mini farantin. Da hannu. Na ci, gishiri ya yi yawa, hayaƙin gawayin nan kuma duk ya cika mini ido.

Na likita: ya sha bakwai, da ruwa. Maƙalewa ɗaya, da yamma, minti biyu. Ba a ja shi ba.